Masauki mai sauƙin kuɗi a Abuja, don Allah wa ya san gari?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. An kira ni intabiyu a Abuja ranar Talata ƙarfe 8 na safe, wajen sakatariyar tarayya, kuma an ce abin zai iya kaiwa Laraba saboda akwai tantance takardu, ni kuma rabona da Abuja tun ina hidimar ƙasa, shi ma wucewa kawai na yi a mota. Abin da zan iya warewa na kwana uku bai wuce dubu 45 ba, ban da kuɗin mota da na abinci. Wani abokina ya ce in sauka Mararaba akwai otal masu araha, wani kuma ya ce kar in kuskura. Waɗanda suka san gari ku taimaka min.

Abban Sadiq:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba da sa'a ɗan uwa. Ni a Masaka nake zaune, kullum sai na bi ta Mararaba zan shiga gari, to bari in gaya maka tsakani da Allah. Araha kam akwai ta, tunda can ɗin ma ba Abuja ba ce, jihar Nasarawa ce, iyaka ce kawai ta haɗa. Amma intabiyun ƙarfe 8 ka ce ko? Hanya ɗaya ce tak kowa ke bi, Mararaba, Nyanya, ka hau tudun Kugbo ka gangara AYA, kuma duk ma'aikatan da haya ta kora daga cikin gari nan suke bi da safe. Tafiyar da ranar Lahadi ba ta kai minti 30 ba ranar Talata sai ta ci maka awa biyu in aka yi rashin sa'a wata tirela ta lalace a Kugbo. Ni da ake biyana albashi ina sallame asuba nake fita, wani lokacin ma a masallacin ofis nake yin ta. Kai da za ka je a duba ka daga sama har ƙasa, ka isa rigarka ta jiƙe sharkaf da gumi an matse ku mutum huɗu a baya biyu a gaba? A'a.

Direban Zuba:
Gaskiya Abban Sadiq ya faɗa. Kuma ka ƙara da cewa babu acaɓa a tsakiyar gari, tun 2006 aka hana, keke ma ba ya shiga wajen sakatariya. Wato in cunkoso ya riƙe ka ba wani mai babur da zai kutsa da kai kamar a Funtuwa. Ni shawarata tunda daga arewa za ka shigo, motarku ta Zuba za ta biyo, ka duba Kubwa ko Dutsen Alhaji ko Gwarimpa. Titin Kubwa faffaɗa ne, shi ma yana cika da safe amma yana tafiya. In kuma da hali ka ƙarasa Jabi ko Utako, nan tasoshin mota suke, akwai ƙananan masaukai birjik a bayan layi, daga nan zuwa sakatariya ba nisa.

Ɗan Funtuwa:
Na gode ƙwarai. To amma Utako ai cikin gari ne, dubu 15 za ta kama ɗaki kuwa?

Direban Zuba:
Mai fanka wataƙila, in ka yi ciniki. Mai AC kam ka ƙara wani abu. Amma yi lissafi mana, dubu ukun ko biyar ɗin da za ka rage a Mararaba ai a mota za ka zubar da su zuwa da dawowa, ga wahala kyauta.

Basakkwace:
Ni hwa wanga al'amari ban gane mai ba. Mutum Bahaushe, Musulmi, shi zo Abuja shi ce ba shi da inda za shi kwana? Duk Huntuwa babu mutum guda da ka sani cikin garin ga? Mu lokacin da munka zo neman aiki mu bakwai munka kwana ɗaki guda a Karmo wurin wani ɗan garinmu, ko sisi ba mu biya ba, har tuwo ankai muna. Ka riƙe kuɗinka ka nemi ɗan uwa.

Maman Ilham:
Basakkwace kai ka ji daɗin kwanan, ka tambayi matar gidan ita ya ta ji? Mu da muke zaune a garin nan mu muka san abin. Ɗaki ɗaya da falo ake biyan kuɗin da a gida za ka kama gida sukutum, ruwa a wajen mai ruwa muke saya jarka jarka, wuta kati ce, sai kawai a bugo waya ƙarfe tara na dare wai ga ɗan wane nan ya iso tasha. Kwana biyu ya ce, sai ya yi sati uku yana jiran wani ɗan majalisa da ba ya ɗaga waya. Wallahi ba rowa ba ce, baƙo rahama ne mun sani, amma yaron nan ya yi tunani mai kyau da ya ce zai kama ɗaki, ku bar shi.

Basakkwace:
Hajiya Allah shi ba ki haƙuri, ashe na taɓo inda ka ciwo 😂

Maman Ilham:
Ka taɓo kam. Yanzu haka akwai biyu a falona.

Baba Mai Goro:
Ku duka kuna da gaskiya, zamani ne ya juya. Da can fatake ba su san otal ba. Mu da muka yi safarar goro daga Shagamu da Ibadan, in ka sauka Sabo akwai maigidanka, shi zai ba ka wurin kwana, ya ajiye maka kaya da kuɗi, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in an ba da bashi, shi kuma ladansa yana cikin la'adar cinikin. Ba kyauta ba ce kamar yadda yara ke zato, tsari ne, kowa ya san abin da zai samu. Duk inda ka ji an ce Zango, a Kumasi ne ko a wani gari, asalinsa ke nan, masaukin baƙi. To Abuja ba a gina ta a kan haka ba, gari ne na ma'aikata, wanda za ka sauka wajensa shi ma ɗan haya ne. Yaro ka kama ɗakinka, amma ka je ka gaida mutanen garinku in ka gama, kar a ji labarin zuwanka a bakin wani.

Ɗan Funtuwa:
In sha Allahu Baba, na gode. Akwai ƙanin mahaifiyata a Lugbe, zan je in gaishe shi, dama nauyin sauka ne nake ji don iyalinsa da yawa.

Mai Gyaran AC:
To tunda an tsaya a kan otal bari in sa baki, don ni aikina ke nan, rabin kwastomomina masu ƙananan otal ne, na shiga ɗakunan da ko kyauta aka ba ni ba zan kwana ba, na kuma shiga masu arahar da suka fi wasu manya tsafta. Abu na farko, kar ka biya sai ka ga ɗakin. Ba hoton da ke Facebook ba, ba ɗakin da za su nuna maka na talla ba, ainihin wanda za a ba ka makullinsa. In yarinyar da ke kan kanta ta ce ai duk iri ɗaya ne, ka ce to mu je in gani. Kana shiga ka kunna famfo, ka ja ruwan masai ka ga ko yana tafiya, in ka ga an jera bokiti biyu cike da ruwa a banɗaki to ka san famfon ado ne. Ba laifi ba ne in kai ba ka damu ba, amma sai a rage kuɗi. Ka kunna AC ka tsaya minti biyar ka sa hannu, da yawa ƙara kawai suke yi gas ya ƙare tun bara, mai otal ya ce min in zo wata mai zuwa. Ka gwada soket da cajarka. Ka duba ƙofa tana da sakata ta ciki ko babu.

Sai babbar tambaya, wadda mutane ba sa yi: ƙarfe nawa kuke tayar da janareta, ƙarfe nawa kuke kashewa? Kar ka yarda da akwai wuta awa 24, kowa haka yake cewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, dizal dama ya riga ya yi sama, sannan a Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wa wuta, kuɗin wuta, yunit ɗin da bai kai naira 70 ba ya haura 200. Mai ɗaki goma sha biyu da baƙo huɗu a ciki ba zai ƙona dizal har asuba ba, ko ni ne ba zan yi ba. Abin da yawancinsu ke yi, a tayar da magariba a kashe sha biyu ko ƙarfe ɗaya, wasu kuma ƙaramin janareta ne da ba ya ɗaukar AC sai fanka da ƙwan fitila, wato ka biya kuɗin ɗaki mai AC amma sai in Nepa ta kawo za ka sha. Ka tambaya ƙarara, janaretanku yana ɗaukar AC? In ba ya ɗauka ka karɓi mai fanka ka huta.

Kuma don girman Allah kar ka karɓi ɗakin da tagarsa ke kallon inda janareta yake. Ba ƙarar ce kaɗai ba, hayaƙin nan yana kisa, mutum yana barci ba zai ji komai ba sai dai a fasa ƙofa da safe.

Abban Sadiq:
Wannan bayani ya kamata admin ya maƙala shi a sama.

Maman Ilham:
Bai faɗi kuɗin cizo ba. Ni su ne suka sa na daina wasa da otal. Shekarar da na kai mahaifiyata asibiti kafin mu dawo garin nan da zama, na kama wani ɗaki a wajen Garki saboda kusa, zanin gado fari tas har da ƙamshi, na ce alhamdulillah. Ƙarfe biyu na dare na farka ina susa, na haska fitilar waya, wallahi layi suka yi a kan filo kamar masu zuwa kasuwa. A kan kujerar roba na ƙarasa daren. Abin haushin ma ba wannan ba ne, ashe sun shige min jaka, na kai su gida da hannuna, wata uku muna fama, sai da muka ƙona katifa ɗaya. To ka ɗaga zanin gadon ka duba ɗinkin gefen katifa, ka duba bayan allon gado da tsagin katako, in ka ga ɗigo ɗigo baƙaƙe kamar an yarfa tawada, ko ɗan jini jini a jikin bango inda wani ya murtsuke su, ɗauki jakarka ka fita, kar ka tsaya a canja maka ɗaki, gidan ne gaba ɗaya. Jakarka kuma kar ka ɗora a gado, ka sa a kan tebur ko cikin leda ka ɗaure. In ka koma gida kayan su sha ruwan zafi da rana kafin su shiga ɗaki.

Basakkwace:
Shi sai fiya-fiya shi tai da ita mana, shi hwesa ko'ina.

Mai Gyaran AC:
A'a fa! A rufaffen ɗaki ya fesa fiya-fiya ya kwanta? Ai gara kuɗin cizon. In don sauro ne, maganin shafawa ya isa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni Abuja sau biyu kawai na je amma Kano kam kusan kowane wata ina Kantin Kwari, kuma halin ƙananan otal ɗaya ne. Abin da zan ƙara shi ne ka lura da irin gidan. Akwai masauki na matafiya, akwai kuma wanda sunan otal ne kawai amma cinikinsa na masu shiga awa ɗaya su fita ne, da mashaya a tsakar gida. In ka je da rana tsit kamar makaranta, ƙarfe goma na dare sai kiɗa ya tashi har gado na rawa, ana ta buga ƙofofi. Na taɓa faɗawa irinsa, da asuba na fito alwala na ci karo da wani ɗan garinmu a baranda, ni na san abin da ya kawo ni, shi ma ya san abin da ya kawo shi, amma har yau in mun haɗu kowa sai ya sunkuyar da kai kamar tare muka yi laifin. Ka duba in akwai kujerun roba da manyan sifiku a tsakar gida, ka tambayi mai shayi ko mai gadin layin, su ba za su ɓoye maka ba. Yawanci ma namu ne.

Direban Zuba:
Hhhh Ɗan Maraɗi wannan gaskiya ne, mai shayi ya fi Google sanin otal.

Ustazun Gida:
Abin da nake ta jira a faɗa ke nan. Ni a ganina ma mutumin kirki ya nisanci irin waɗannan wurare gaba ɗaya, ana guje wa wurin zargi. Masallatai nawa ne a Abuja? Ya yi isha'i ya kwanta, ya tashi ya yi asuba cikin jam'i.

Abban Sadiq:
Ustaz da wuya fa. Yawancin masallatan cikin gari ana kulle su bayan isha'i saboda tsaro, mai gadi ba zai bar baƙon da bai sani ba ya kwana ba, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Sannan mutum da takardunsa na asali, digiri da na hidimar ƙasa da komai, ya sa su a ƙarƙashin kai a baranda? Ina zai yi wanka, ina zai goge kaya? Ba kowane otal ne wurin banza ba, akwai gidajen baƙi da ko lemon kwalba sai ka fita waje za ka saya.

Ustazun Gida:
To in akwai irin waɗannan ba laifi. Amma ya tafi da butarsa da dadduma, don na sha shiga banɗakin da babu buta sai takarda, kuma ya tambayi alƙibla ko ya duba a waya.

Maman Ilham:
Wannan kam gaskiya ne. Ya haɗa da silifas da tawul ɗinsa da zani ko babban mayafi da zai shimfiɗa. Ku maza ma kuna da sauƙi wallahi. Mace ta je ita kaɗai kama ɗaki, kallon da za a yi mata tun daga bakin ƙofa ya ishe ta, da hijabinki har ƙasa sai an tambaye ki wa kike jira. Ni kujera nake karawa a ƙofa ko da akwai sakata, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa da dare wai ma'aikaci ne sai dai mu yi magana ta bayan ƙofa.

Direban Zuba:
Saura maganar kuɗi. Ka karɓi rasit, ko da tiransifa ka yi, kuma ka duba sunan asusun, in na wani yaro ne daban ba na otal ba ka nemi manaja, don an sha yin haka mai karɓar dare ya soke kuɗin, na safe ya zo ya ce ba ka cikin littafi. Kar ka biya kwana ukun a dunƙule, biya ɗaya ka gani, in ya yi maka ka ƙara, don in kuɗi ya shiga ba ya fitowa. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da haraji, wasu sai ka zo biya su ɗora maka VAT kashi 7.5. Wasu suna karɓar wani kuɗin ajiya wai ko za ka fasa wani abu, a rubuta shi a rasit. Kuma ka sani kwanan otal sha biyun rana yake ƙarewa, ko da ƙarfe ukun dare ka shiga. Ranar da za ka tafi in kana can wajen tantancewa har azahar kayanka na ɗaki, to ka shiga sabon kwana. Ka fito da jaka tun safe ka ba su ajiya.

Sannan motar haya. Kar ka tare mota a bakin titi da duhu duhu don ka ga da mutane a ciki, 'yan wan cans, ɓarayin da ke fakewa da motar haya, haka suke yi, har mace suke sawa a gaba don ka saki jiki. Ka je inda ake lodi, ko ka kira Bolt ranar intabiyun, kuɗin rana ɗaya ba zai kashe ka ba.

Ɗan Funtuwa:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na rubuta duka a takarda. Lahadi zan taso in sha Allahu don in samu Litinin in je in ga wurin da idona.

Admin:
Allah ya kai lafiya. Masu turo sunayen otal da lambobin waya don Allah ku tura masa ta akwatinsa, na goge guda uku, ba ma talla a nan.

Ɗan Funtuwa:
Salam jama'a, na dawo gida jiya da daddare, na ce bari in kawo rahoto tunda ku kuka yi min jagora. Na sauka Jabi wajen la'asar, na bi shawarar Ɗan Maraɗi na zauna wajen wani mai shayi, ashe ma mutumin Malumfashi ne, ya haɗa ni da yaronsa muka zaga wurare uku a ƙafa. Na farko ina ɗaga zanin gado na ga tawadar Maman Ilham, ban ce komai ba na ce zan dawo. Na biyu yana da kyau amma dubu 25 suka ce ba ragi. Na uku wani tsohon gida ne aka yanka ɗakuna, mai fanka, suka ce 18 muka daidaita a 16 tunda na ce zan iya kwana uku, amma ɗaya na fara biya. Ruwa a bokiti ne, wani yaro ke kawowa safe da yamma, janareta ana kashewa sha biyu da rabi kamar yadda Mai Gyaran AC ya faɗa har na yi dariya ni kaɗai da na ji ya mutu. Daren farko Nepa ta kawo wajen ƙarfe biyu, na biyu kuwa ba su kawo ba sam, ga zafi ga sauro, na jiƙa tawul na lulluɓa, kuma daren intabiyun ke nan. Abin da duk ba mu tuna ba shi ne guga. Na tashi biyar da rabi ba wuta, kaftanina duk ya yamutse a jaka, sai mai gadin ne Allah ya saka masa ya kai ni wajen wani mai wanki a bayan layi da dutsen guga na gawayi, yana hura wuta ina tsaye ina kallon agogo. Bakwai da kwata ina bakin sakatariya. Su kuma ba su fara kiran suna ba sai sha ɗaya saura.

Na je Lugbe na gaida kawu, ya yi ta faɗa wai don me ban sauka wajensa ba, matarsa kuwa ta cika min kwano da shinkafa da fara'arta har kunne. Kuɗin ajiya dubu 2 dai ban samu ba, wai manaja ya fita da makullin durowa, mota kuma tana jirana. Sakamako sun ce sai sun kira.

Maman Ilham:
Ka ga fara'ar matar kawu ko? Basakkwace ka karanta wannan layin sau biyu. Allah ya sa a dace ƙanina. Kayan fa, ka zuba musu ruwan zafi?

Ɗan Funtuwa:
Suna kan igiya tun safe Anti, jakar ma tana kan rufin kwano.

Basakkwace:
Allah shi sa a kira ka. In an ba ka aikin dai ka kama ɗaki da falo, ina nan tahe da yara biyu, kwana biyu kawai za mu yi.

Direban Zuba:
Turo min sunan wurin da hoton rasit ɗin ta akwati, jibi ina da lodi Jabi, dubu biyun nan ba za ta kwana a durowa ba.